Zuwa Ga Mai Girma Jadawalin Jami'o'in Duniya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga basarake, da fatan an tashi lafiya a Landan. Daga Yelwan Yauri nake rubuto maka, a bakin ruwan da ke juya injinan Kainji, kuma da fitilar waya nake rubutun, amma wannan ƙara ce da zan kai wani wuri daban.

Jiya bayan isha'i ka ci mini mutunci a ƙofar gidana. Ɗan ƙanwata ya samu gurbi a jami'ar jiha da ke Aliero. Uwarsa ta karyar da buhunan albasarta tun kasuwa ba ta tashi ba, ni kuma na ƙara da kuɗin da na ajiye don gyaran injin jirgi. Na kira shi in damƙa masa, maimakon ya durƙusa ya sa hannu biyu, sai ya kafa mini waya a hanci. "Kawu, duba ka gani. Na yi ta ja har yatsana ya gaji, ban ga sunanta ba." Na ce to wa ka gani? Ya ce Oxford, MIT, Harvard. Na ce ABU fa, wadda ni na yi? Sai yaron nan ya dube ni da irin kallon da ake yi wa majinyaci.

Kafin ka zo muna da namu jadawalin, a teburin mai shayi ake buga shi kowane dare. Ɗan Samaru, wato ɗan ABU, ya ce Sardauna ne ya kafa tasu a 1962, kowa ya yi masa shiru. Ɗan BUK ya ce su ne a tsakiyar kasuwa da malamai. Mu kuma nan Yauri mu ce Sarkinmu, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kafin ya hau karaga, sai a ƙaro shayi. Kowa ya tafi gida da girmansa. Kai ka zo ka tattara mu gaba ɗaya ka zuba a ƙasan shafi, babu jami'ar Najeriya ko ɗaya a ɗarin farko.

To mu yi maganar kuɗi, ranka ya daɗe, tunda ita kake ɓoyewa a bayan alkalumanka. Waƙafin Harvard a 2024 ya haura dala biliyan 53. Wannan ya fi kasafin kuɗin Gwamnatin Tarayya na shekarar, da sojanta da asibitocinta da bashinta. Tun 1636 suke tarawa. John Harvard ya bar musu littattafai kusan 400 da rabin dukiyarsa tun 1638, attajirai suka yi ta ɗorawa, kuɗi na haifar kuɗi. Aliero kuwa 2006 aka kafa ta, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi 2013, ta noma da ke Zuru 2020, suna jiran TETFund ta gina musu ɗakin lacca. Ko a tseren jiragen ruwa na Rigata ba a jera mai filafili da mai inji a busa usur ɗaya. Kai ka jera su, ka busa, ka kuma buga sakamako da launuka.

Kuma daga ina kuɗin? Ba ka da gurbin wannan tambaya. Harvard da bakinta ta amsa a 2022 cewa akwai gumin bayi a dukiyarta, har ta ware dala miliyan 100 don wanke fuska. Tallafin Rhodes da ake tinƙaho da shi a Oxford daga lu'ulu'un kudancin Afirka ya fito. An kwashe na mutane an gina ɗakin karatu, yanzu an dawo da sikeli ana auna jikokinsu. Madalla da adalci!

Na duba abin da kake aunawa. Ɗalibai nawa suka zo daga ƙasashen waje. Sau nawa farfesa ya ambaci farfesa. Sai a tambayi manyan malamai wace jami'a ce ta fi suna, su kuma su faɗi wadda suka yi. Kai, wannan lissafi ne ko roƙo? Ina gurbin ɗalibin da ya zauna gida wata takwas a yajin aikin malaman jami'a na 2022, ya koma ya ci jarrabawa? Ina gurbin mai binciken yadda albasar Yauri za ta kai damina ba ta ruɓe a rumbu ba? Wa ke ba da maki ga wanda ya zauna da masunta a Wara da Shanga yana neman dalilin da koma ke fitowa da ƙananan kifi? Tun 1968 aka tashi mutum sama da 40,000 don a tare ruwan nan, jiragenmu na katako har yau suna kifewa da mutane ba rigar ruwa, kai kana ƙirga baƙi a Boston.

Ba na roƙon ka ɗaga mu sama, ba mu da abin biyanka. Ka dai rubuta shekarun kowace jami'a da nauyin asusunta da manyan baƙaƙe kusa da sunanta, yadda yaro zai gani kafin ya raina kawunsa. In hakan ya yi maka wuya, ka aiko da kuɗin jirgi zuwa Amurka da dalar makaranta ta shekara huɗu, tunda kai ka fara.

Naka cikin ladabin da ya rage,
Wani tsohon ɗan Samaru,
Yelwan Yauri.