Sarkin Tsakiya da Sauran Abokan Tafiya a Titunan Jamus

Duk wanda ya ji labarin manyan titunan Jamus daga nesa, abu ɗaya ya riƙe: wai a can ba a ƙayyade gudu, totur sai inda ƙafarka ta tsaya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Cikin kusan kilomita 13,000 na Autobahn, wajen kashi 70 cikin ɗari babu allon da ya yanka maka iyaka. Hukuma shawara kawai ta bayar, ta ce 130 a awa ya ishi mai hankali. Abin da masu ba da labarin suke mantawa shi ne titin ba naka ba ne kai kaɗai. Tun 1932 da Konrad Adenauer, lokacin yana magajin garin Kolon, ya buɗe hanyar Kolon zuwa Bonn, Jamusawa suke ƙara ƙwarewa a shimfiɗa kwalta, amma har yau injiniyoyinsu ba su ƙera na'urar daidaita halin ɗan Adam ba. Kowane direba da za ka haɗu da shi, mai gudu da mai rarrafe, ya yi imani har zuci cewa shi ne a kan daidai.

Wanda zai fara yi maka maraba shi ne Mai Walƙiya. Ka leƙa madubi, fayau, babu kowa. Ka kunna sigina, ka fito hannun hagu don ka wuce wata tirela. Kafin ka gama fitowa fitilu biyu sun cika madubin suna ƙyafta maka. Lissafin mai sauƙi ne: kana 130, yana 230, tazarar rabin kilomita daƙiƙa 18 ce a wurinsa. Motar baƙa ce, Audi ko BMW ko Marsandi, ta kamfani ce, man ma kamfani ke biya. A makarantar tuƙi an koya masa ya bar tazarar rabin abin da maleji ya nuna, wato mita ɗari a gudun 200, tsawon sanduna biyu na gefen titi. Shi kuwa ya matso har kana iya ƙirga maɓallan rigarsa. Babban baƙin cikinsa a duniya shi ne masu ƙera motar sun ɗaure masa injin a 250. Ba shi hanya, ai ba rabuwa kuka yi ba. Gaba kaɗan akwai wurin gyaran titi, allo ya ce 80, za ka iske shi a gabanka yana bin sahu cikin ladabi, danjarsa jajir, har ku fita tare.

Amma wanda na fi sani, wanda ko cikin dare aka tashe ni zan zana bayan motarsa, shi ne Sarkin Tsakiya, Allah ya ja zamaninsa. Titi mai layi uku, doka ta ce kowa ya riƙe dama, sauran biyun na wucewa ne. Mai martaba kuwa tun da ya hau A7 a Hannover ya ratsa ya shige layin tsakiya, ya saita motar a 110, ya gyara zama. Ba zai sake taɓa sigina ba sai ya hango allon Kassel. Layin nan ya riƙe shi kamar gonar gado. Hannun damansa fili ne fetal, iya ganinka babu ko tsuntsu. Sai dai can nesa, inda kwalta ta haɗu da sama, akwai wani ɗigo wanda wataƙila tirela ce, shi kuma mutum ne mai hangen nesa. Me zai kai shi dama, alhali nan da minti huɗu zai sake fitowa? Kotunan ƙasar sun daɗe da ba shi amsa, sun ce in za ka yi tafiyar daƙiƙa 20 a dama ba ka cim ma kowa ba, to ka koma. Ba ya karanta hukuncin kotu. Madubi ma tun ranar da ya sayi motar bai sake gaisawa da shi ba.

Siffarsa sananniya ce. Hannu biyu a kan sitiyari, haɓa a gaba, idanu a kafe. Uwargida tana gefe da fulas na kofi a cinya. A bayan gilashi akwai hula, kusa da ita ɗan karen roba mai gyaɗa kai, wanda ya amince da duk abin da sarki ya yanke. Kada ka ɗauka sarautar ta tsofaffi ce kawai. Akwai yarima mai shekara talatin da ke hira a waya da hannu ɗaya yana yawo a iska, akwai gimbiya mai rera waƙa tare da rediyo. Duk gida ɗaya ne.

Abin da yake jawo maka shi ne abin kallo. Kana tafiyarka a dama, ɗan halas, a kan 120, sai ka iso shi. Hanya a buɗe take a gabanka, amma in ka kuskura ka wuce shi ta dama, tarar yuro 100 ce da maki ɗaya a kundin masu laifin tuƙi da ke Flensburg. Shi da ya tare hanyar, in har an taɓa kama shi, yuro 80 ne nasa. Dole ka bar layinka, ka ratsa nasa ta baya, ka leƙa na hagu inda Mai Walƙiya ke tahowa da fushin jiya, ka wuce da addu'a a bakinka, sannan ka sake ratso layi biyu ka dawo inda ka fito. Wannan dawowar kana yin ta ne a hankali, da sigina mai tsawo, dab da hancinsa, don ya gani ya ɗauki darasi. Ka waiwaya, yana nan inda yake. Fuskarsa babu alamar laifi, sai natsuwar mutumin da ya biya harajinsa cif. Ba kuma halin ka ɗaga masa yatsa ko ka nuna masa goshi, domin zagi a ƙasar nan laifi ne da ake kai wa kotu, tarar kuma da albashinka ake auna ta. Iyakarka ka ce Allah ya shirya.

Da yamma zai isa gida ya shaida wa maƙwabta cewa mutane sun haukace a kan titi, kowa na ta zagaye shi. Zai ƙara da cewa shekara arba'in yana tuƙi bai taɓa yin haɗari ba. Gaskiya ya faɗa. A bayansa haɗarin yake faruwa, shi kuwa ba ya duba baya.

Sai Giwaye Biyu. Doka ta ba tirela 80. Wannan tana 84, waccan tana 85, kuma direban ta biyun ya rantse bambancin nan ba zai tafi a banza ba. Ya fito, suka jera kafaɗa da kafaɗa a hawan tsaunukan Kassel, motoci hamsin suka yi layi a baya suna kallon ikon Allah. Kotu ta ce wucewa kada ta wuce daƙiƙa 45, su kuwa sai sun gama gaisawa da tambayar iyali. Ba na iya riƙe su a zuci. Ranar Lahadi, da aka hana manyan motoci tafiya har ƙarfe 10 na dare, ka gan su a wuraren hutawa, ƴan Poland da Romaniya da Lituweniya, kowa tsugune a gindin tayarsa yana dafa miya a ƙaramin risho, makonni rabonsa da gida.

Da zarar an shiga hutun bazara sai ga Mai Jan Gida. Lambar motarsa ruwan ɗorawa ce, daga Holan ya fito, ya ɗauro ɗaki da falo da kicin a bayan mota, ga kekuna huɗu a rataye, ya nufi Ostiriya ko Italiya ta A3. Ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, don haka kowane tudu ba-zata yake zo masa.

Akwai Mai Tattalin Batir, wanda motarsa ta lantarki za ta iya barin kowa a tsaye, amma ya maƙale a bayan tirela yana 90 don ta tare masa iska. Ya kashe na'urar ɗumama mota, yana cikin rigar sanyi har wuya, ido ɗaya a kan titi, ɗaya a kan kashi goma sha ɗaya da suka rage.

Akwai kuma ɗan'uwanmu dillali, mai lambar fitar da mota waje, wadda ke da jan tambari a gefe. Tsohuwar Golf ce ko Toyota, an cusa mata katifu da tayoyi har rufi, ta nufi tashar jiragen ruwa ta Hamburg. Duk faɗin Jamus babu mai bin doka kamarsa, domin ba ya son doguwar hira da ɗan sanda. Bayan ƴan watanni motar za ta sauka Kwatano, ta ƙarasa Kano, a ce maka wata tsohuwa ce ke da ita, kasuwa kawai take zuwa da ita ranar Asabar.

A inda layi biyu za su koma ɗaya za ka haɗu da Malam Ɗan Doka. Tun 2001 ƙa'ida ta fito fili: kowa ya ci gaba a layinsa har inda ya ƙare, sannan a shiga ɗaya bayan ɗaya, wannan gefe mota guda, wancan mota guda. Malam kuwa tun da sauran kilomita guda ya koma layin da zai ɗore. Da ya ga wasu suna wuce shi ta ɗaya layin sai kishin gaskiya ya motsa, ya karkato da motarsa ya hau kan farin layi ya tare duka biyun. Dokar da yake karewa da ƙarfen motarsa babu ita a kowane littafi.

A wurin hutawa kuma ga Mai Lissafi. Banɗaki yuro guda ne, a ba ka ƴar takarda ta rage kuɗin sayayya, shi kuwa yana da damin su a aljihun mota. Iyalinsa sun zagaye but suna cin dafaffen ƙwai da burodin da aka yanko tun asuba, an ba su minti goma cif. Mai ya fi tsada a bakin Autobahn, don haka zai ci gaba da jar fitila a kunne har ya sami gidan man ƙauye, ko da yake ya san ƙarewar mai a kan titin ma tara ce.

Kada in manta da Mai Sharhi. Baƙo ne, ya daɗe a ƙasar har ya fi masu ita kishin dokokinta. Ya haddace tarar kowane laifi. Lambar mota kaɗai yake kallo ya faɗi halin mai ita: M ɗin Munich girman kai, B ɗin Berlin rashin kunya, F ɗin Frankfurt gaggawar banki. Tun daga gida yake gabatar da shiri kai tsaye, yara sun yi barci tun a Göttingen, bai sani ba. Wani sa'in ma har zama yake ya rubuta halayen mutane a mujalla. Can sai uwargida ta ce a hankali, “Maigida, wannan ba layin tsakiya muke ba tun ɗazu?” Ya ce, “Haba Hajiya, ba ki ga tirela can gaba ba?”

Duk waɗannan abin dariya ne, kuma tafiya ba ta daɗi in babu su. Akwai guda ɗaya da ban taɓa samun abin dariya a tare da shi ba.

Abu mafi kyau da za ka gani a titunan Jamus yana faruwa ne lokacin da komai ya tsaya. Da zarar cunkoso ya fara, tun kafin a ji jiniya, motocin da ke layin ƙarshe na hagu sai su matsa hagu, sauran duka su matsa dama. Hanya ta buɗe a tsakani, kilomita bayan kilomita, babu ɗan sanda, babu mai ba da umarni. Mai Walƙiya ya matsa, giwaye sun matsa, har Sarkin Tsakiya ya sauka daga karaga. Kowa ya san can gaba wataƙila akwai mutumin da ƙarfe ya danne, kuma motar asibiti ta nan za ta bi.

Sai ga wani ya leƙo, ya ga hanya a share, ya ɗauka don shi aka share ta. Ya shige, ko ya jira motar asibiti ta wuce ya manne a bayanta. Gaba kaɗan ya cije, babu wurin komawa, motar ƴan kwana-kwana mai ɗauke da almakashin yanka ƙarfe ta tsaya a bayansa tana kuka. Ƙaninsa kuma yana ɗaya hannun titin, inda babu abin da ya faru. Ya taka birki, ya sauke gilashi, ya miƙo waya yana ɗaukar hoton mutumin da ke kwance a kwalta, na bayansa ya zo ya dake shi, haɗari ɗaya ya zama biyu. Mafi yawan ƴan kwana-kwanan Jamus ƴan sa kai ne, mutanen da ƙararrawa ta taso daga wurin aiki ko daga barci. Maimakon duk hannayensu su tafi ga ceto, sai an ware wasu su riƙe tampol don kare wanda ya ji rauni daga idon masu waya.

Doka ba ta yi shiru ba. Shiga hanyar ceto tara ce daga yuro 240, da maki biyu, da wata guda babu tuƙi, kuma maki takwas ke raba mutum da lasisinsa. Ɗaukar hoton wanda ya jikkata na iya kai mutum kurkuku har shekara biyu, tun 2021 kuma hukuncin ya haɗa da hoton gawa. A ganina an yi musu sauƙi. Sarkin Tsakiya ya sha cinye mini minti biyar, na yafe masa duniya da lahira. Mintin da mai tare hanyar ceto ya cinye na wanda ke kwance ne a gaba, ni ba ni da hurumin yafe shi.