Idon DVD da Fuskar Fara

Gilashin kyamara na ɗaukar ƙananan halittu sai mai hannu da shuni, amma talaka bai rasa dabara ba. In kana Matamaye, ba sai ka hau mota zuwa Damagaram ko Kano ba. Je wurin mai gyaran rediyo, ka roƙi matacciyar na'urar DVD, ka ciro ɗan gilashin nan da ke karanta faifai. Manna shi da salatif a kan idon kyamarar salularka. Fitilar wayar kuwa, rufe ta da farar takarda, don kada haske ya wanke hoton. Sai ka matso da wayar dab da abin da za ka ɗauka, ka riƙe numfashi, domin motsi kaɗan ke ɓata aikin.

Kada ka raina ƙaramin gilashi. Da irinsa guda ɗaya Leeuwenhoek, mai sayar da yadi a Holan, ya hango ƙwayoyin bakteriya a 1676.

Ɗauki tururuwar da ke kan raken Matamaye, ɗauki idon ƙuda. Amma in kana cin soyayyar fara da yaji, kada ka kuskura ka ɗauki fuskarta. Wanda ya ga wannan baki da gashin ƙafafun, ya ci ta ƙarshe.