Zauna Shiru ko Ka Yi Tsallen Kwaɗo

Mu dai Allah Ya yi mu da son yaro mai natsuwa. In za mu yabi ɗa sai mu ce, "Kai, yaron nan kamar ba ya gidan," mai ƙiriniya kuwa ya shiga uku, yau a ce ba ya ji, gobe a ce a karɓo masa rubutu. Da wannan ra'ayin muke ɗaukar ɗan shekara shida, wanda ko tuwo ba ya iya cinyewa a wuri ɗaya, mu damƙa wa Malam a firamare, mu ce a zaunar mana da shi daga ƙarfe takwas har azahar. Su biyar a bencin mutum uku, hannu a harɗe, baki gum, monita na tsaye da guntun alli yana rubuta sunan duk wanda ya motsa, ban da wanda ya sam masa awara lokacin tara.

Kada kuma wani ya ce ba mu san motsa jiki a makaranta ba. Mun san shi sarai, ajiye shi muke sai ranmu ya ɓaci. Ka yi latti, tsallen kwaɗo daga bakin ƙofa har ofishin hedimasta. Ba ka yi aikin gida ba, kama kunne. Ka yi surutu, hau babur, ka lanƙwasa gwiwa ka miƙe hannuwa kana tuƙa iska har cinya ta fara karkarwa. Wato a tsarinmu fitinannun aji ne ke samun atisaye kyauta, salihin da ke zuwa na ɗaya kuwa ladansa ƙarin zama. Sai yaro ya girma ya zama Alhaji mai tumbi, likita ya ce ya riƙa tattaki saboda hawan jini, ya ji kamar horo aka ba shi, mu kuma muna mamakin inda ya koyo ƙin abin.

Su ma yaran ba su zauna haka nan ba, sun nemo wa kansu mafita, kuma dukkanmu mun bi ta nan. "Malam, zan zaga." Da an bar ɗaya, shi ke nan fitsari ya zama annoba a ajin. Ga fensirin da ake ta zuwa fiƙewa bakin taga har ya koma tsawon ɗan yatsa. Malam ya ce wa zai kai littattafai ofis, ka ga hannaye sun tashi, "Ni Malam! Ni Malam!" Ba ladabi ne ya yi musu yawa ba, ƙafa ce ta gaji da lanƙwasa.

Darasin motsa jikin yana nan a manhaja, yana kuma cikin jadawalin da aka manna a bango. Sai dai in malamin lissafi bai ari lokacin ba, to a allo ake yin sa: yara a zaune suna kwafar amfanin motsa jiki guda biyar, su haddace, su ci jarrabawa ba tare da ko ɗigon gumi ba. Sai gasar wasanni ta shekara ta matso mu tuna ashe suna da ƙafafu. A karɓi kuɗin riga, ja da kore da shuɗi, a jera su a rana ana maci, ranar gasa a zuba musu garin gulukos a tafin hannu, wani ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar tsere ana yi masa fifita da kwali. Mun manta ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu iyaye kuma kada mu noƙe, laifi tudu ne. In muna neman makarantar kuɗi, muna tambayar Turanci da kwamfuta, ba mu taɓa tambayar filin wasa, ko da gidan haya ne aka mayar da falo aji uku. Adaidaita sahu ya kai yaro ya dawo da shi, ya ci abinci a gurguje ya tafi Islamiyya, ya dawo a miƙa masa waya don ya bar mu mu huta. Mu ne kuma a majalisa muke cika baki da langa da gare da ƙwallon tsumma, iyaye mata na tuna gaɗa da carafke da 'yar gala-gala, amma yarinya ta zana gala-galar a tsakar gida a ce za ta ɓata kayanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum. A Finland, an saba bayan darasin minti 45 a saki yara su yi minti 15 a waje, ko da sanyi. A garin Stirling na Scotland, wata shugabar firamare, Elaine Wyllie, ta fara fitar da ɗalibanta gudun minti 15 kowace rana a 2012, abin ya bazu ƙasashe da dama. Muna jin haka sai mu ce ai su Turawa suna da kayan aiki, alhali ƙafa kawai ake buƙata. Ko almajiri a makarantar allo yana karatu yana rausaya, ba a taɓa cewa ya hana shi hadda ba.

Me zai hana Malam ya ce amsa in daidai ce a miƙe, in kuskure ce a tsuguna? Ko a ƙirga biyu-biyu da tsalle, a koyi gabas da yamma ta hanyar rugawa bangon da aka kira? Ƙura za ta tashi, hedimasta zai leƙo, wani uban ma zai zo ya ce bai biya kuɗi don a yi rawa ba. A yi haƙuri da shi, namu ne. Shi ne wanda zai kishingiɗa a tabarma yana wa'azin motsi ya fi laɓewa, sannan ya ƙwala wa yaro kira daga ƙofar gida ya zo ya miƙo masa butar da ke kusa da ƙafarsa.