Iyaye da Yaƙin Waya

A da, idan maigida ya kulle ƙofar zaure bayan isha, ya san ya bar duniya a waje. Yanzu duniyar tana ƙarƙashin matashin kan ɗansa, an jona ta a caji. Daga ranar da aka saya wa yaro waya don ya duba sakamakon JAMB, gida ya shiga dokar ta-ɓaci, kuma kowane uba da kowace uwa da irin salon yaƙinsu.

Wanda ya fi yawa a gari shi ne Alhaji Ƙwace. Maganinsa ɗaya ne, ko yaro ya makara sallar asuba, ko ya faɗi lissafi, ko ya amsa kira a daƙile: “Kawo wayar nan!” Sai ya jefa ta durowa, ya murɗa makulli, ya fita majalisa yana koya wa abokai yadda ake tarbiyya. Bai taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa yaron ke miƙa wayar ba gardama, har da durƙuso ba. Layin yana cikin safa tun kafin a ƙwala kira, kuma akwai wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi da samarin unguwa suka yi karo-karo suka sayo a kasuwar waya ta Farm Centre, tana zagayawa hannun duk wanda aka ƙwace wa tasa.

Sai Hajiya mai guruf-guruf. Tana cikin na dangi, na ’yan ajinsu, na Islamiyya, na adashi, da na masu atamfa da turaren wuta. Ita ma tana yi wa ’yarta faɗa a kan waya, amma ta saƙon murya take yi, daga falo zuwa ɗakin da ke kallon falon. “Ke wai ba ki da aiki sai danne-danne?” in ji ta, babban yatsanta bai bar kan gilashi ba. Tana gargaɗin yara kada su yarda da duk abin da aka turo musu, alhali ita ce a 2014, lokacin Ebola, ta tashi gidan kaf cikin dare aka yi wanka da ruwan gishiri. Har yau, duk saƙon da ya ƙare da “tura wa mutum goma” ashirin take tura wa, don ladan ya yi rara.

Baba ɗan boko ya fi su shiri. Ya san TikTok da Facebook sun ce sai mai shekara 13, ya san Ostireliya ta yi doka a 2024 ta mai da shi 16 a ƙasarta, kuma yakan faɗi haka a wurin ɗaurin aure ko ba a tambaye shi ba. Ya ji labarin Family Link, manhajar Google da ke ba uba damar yanke wa wayar yaro awanni da hana shi sauke abin da ba a amince ba. Saitawar ce ta gagara, sai ya kira yaron: “Zo ka sa mini abin nan da zai hana ka.” An ba kura ajiyar nama. Yaro ya saita cikin ladabi, ya zaɓi lambar sirri da kansa, ga shi yanzu wayar Baba ce ke kulle kanta da ƙarfe tara na dare. Batun shekara 13 kuwa, a Facebook an haifi yaron a 1985, ya ba uwarsa shekara biyu.

Ni dai wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Mama mai leƙen asiri, don tsoronta na gaskiya ne. Ta ji labarin yarinyar da wani ya lallaɓa ta tura masa hoto, ya dawo yana neman kuɗi ko ya watsa. Maimakon ta zaunar da ’yarta ta faɗa mata haka, kunyar ’yar fari ta hana, sai ta buɗe shafin ɓoye da hoton fure da sunan Larabci, ta nemi ƙawance, aka karɓa. Ta yi ta bibiya shiru, har ranar da yarinyar ta sa hoton bikin ƙawa. Mama ta daure, ta sake daurewa, daga ƙarshe ta rubuta a ƙasa: “Ja mayafinki, kuma wa ya ba ki sarƙata?” Kafin la’asar an toshe fure.

Akwai kuma Malam Yana-karatu, wanda a wurinsa duk hasken da ya fito daga ɗakin samari na ilimi ne. Shi ke biyan kuɗin data, har yana yabon yaro da bai barci saboda jarrabawa, bai san garaɓasar dare ake ci ba. Labarin cacar ƙwallo a bakin mai shayi zai ji shi.

Kaka ba ta shiga rigimar manhaja, komai a wurinta Fesbuk ne, kuma shi ke kawo ciwon kai, ciwon ido da rashin aure. Amma da zarar Alhaji Ƙwace ya doso, a ƙullin zaninta wayar jika ke samun mafaka. “Maigidana, zo ka karɓi tsiyarka,” za ta ce bayan ƙura ta lafa, “ka kira mini ɗan nan na Makka in ga fuskarsa.”

Na ƙarshe ba su da yawa, shi ya sa ba a sa musu suna ba. Irin wannan uba yakan zauna a tabarma ya ce wa ɗansa, “Nuna mini wannan da ke ba ka dariya.” Ya kalla, ya yi dariyar, sannan ya tambaya wa ya turo, kuma a ina aka san shi. Ya faɗa wa yaransa duk wanda ya bugo yana neman lambar da aka turo ta saƙo ɓarawo ne, ko da sunan banki ya zo, kuma duk wanda ya tsorata su da hoto su zo wurinsa, ba duka ba zagi. Ya kafa doka cewa bayan isha kowa ya ajiye waya a faranti a falo, har da tasa, aka yi na’am. Dokar tana aiki, sai dai daren da Arsenal ke wasa. A irin daren ne autarsa ta fito shan ruwa ta tarar da shi tsugune gaban faranti cikin duhu, ya rage murya. Ta miƙa hannu ta ce, “Abba, kawo wayar nan.”