Safarar Kallon Ruwa

Mutanen ƙasarmu ta Gummi, tun kaka da kakanni, sun san dalilan da ke fitar da mutum daga gida, kuma duk wanda aka gani ya ɗaure kaya ba a rasa babin da za a sanya shi: ko fatauci, ko neman ilmi, ko ta'aziyya da biki, ko cin rani, ko aikin Hajji, ko kuwa, Allah ya kiyashe mu, gudun bashi. Amma a ce magidanci mai hankali ya kwashi iyalinsa da tsakiyar damina, sa'ad da kowa ke duƙe a gona, don kawai su je su dubi ruwa su komo, wannan bidi'a ce da ban san wanda ya riga ni kawo ta garin ba. Na kawo ta a ƙarshen shekarun 1980, ina malamin makaranta, zamanin da Gummi da Zuru da Yawuri duk suna cikin Jihar Sakkwato.

Asalin fitinar wani hoto ne a littafin Turanci na ɗalibaina, inda wani Bature da matarsa da 'ya'yansu suka kafa hema a bakin tafki, kowa na murmushi, ba sauro ko ɗaya a shafin. Da na haɗa wannan da abin da na karanta na tafiyar Abubakar Imam zuwa Ingila a 1943, sai na yanke shawara cewa dogon hutun watan Agusta ba zai wuce ba sai 'ya'yana sun ga tafkin Kainji can Yawuri.

Uwargida ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, in ruwa kake son gani, ga gulbi nan bayan gari ya cika ya batse, ga tafkin Saru. Mi za mu nema Yawuri?" Na ba ta amsa irin ta masu allo da alli: cewa an fara gina madatsar Kainji a 1964 aka gama a 1968, cewa tafkin ya kai kimanin kilomita 135 a tsawo, cewa ya haɗiye tsohon garin Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806. Ta yi shiru, ta rage murya, ta tambaye ni ko wani ne ke bi na kuɗi.

Limamin unguwarmu ya fi ta tsanani. Na je ne in tabbatar da hukuncin ƙasaru, domin masafar ta wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka shardanta, sai ya tambaye ni manufar safarar, da na faɗa masa kuwa, ya jawo Muhtasar na Shaihu Halil ya nuna mini cewa rangwamen nan bai shafi mai tafiyar saɓo ba, bai kuma shafi mai tafiyar lahawu ba, ya ce shi dai bai ga gidan da zai ajiye ni ba sai na biyun. Na kawo hujja cewa niyyata i'itibari ce, wato duban ikon Allah cikin halittarsa. Ya ce madalla, amma in cika raka'a huɗu, don ihtiyaɗi.

Na yi hayar doguwar Peugeot 504, irin wadda ake haɗawa a Kaduna a lokacin, na kuma aro hema wurin shugaban 'yan sikawut na makarantarmu, wanda ya rantse mini cewa turakunta sun cika. Tun kafin asuba labari ya gama unguwa. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, da ta ji an ambaci Yawuri, ta tuna tana da 'yar ɗaki da aka aurar can shekaru masu yawa, ta iso da ƙullin kayanta ba tare da ta nemi izini ba, tun da ita ce mai ba da izini a gidanmu. Maƙwabcina ya kawo rago in miƙa wa surukinsa a Zuru. Uwargida, wadda har lokacin ba ta gaskata cewa za mu dawo ba, ta sa aka ɗora turmi da taɓarya da rabin buhun gero.

Muka bi ta Daki Takwas muka karya kudu, muka haye Gulbin Ka yana ta ambaliya. A Zuru aka ce surukin ya tafi ƙauye sai bayan kasuwa, saboda haka rago ya ci gaba da tafiya tare da mu, a matsayin amana. Daga Dabai muka ɗauki hanyar Mahuta, wadda damina ta yi wa abin da ta saba, har direba ya daina magana da kowa sai da motar.

La'asar sakaliya, bayan mun wuce Mahuta, na hango wata ɗorawa a gefen wani ƙauye, na ce nan za mu yi zango. Sai da muka baje hemar muka gane cewa shugaban 'yan sikawut ya yi rantsuwa bisa zato, domin turaku rabi ne, igiya kuwa an ɗebi wata an yi shanya. Muna ta fama, ni da babban ɗana, muna sassaƙa itace, sai na waiwaya na ga yaran ƙauyen sun zo sun zauna sahu-sahu a ƙasa, ƙanana a gaba, manya a baya, duk sun fuskanci farin gefen hemar sun yi tsit. Wata yarinya har ta kawo tallan gyaɗa. Ashe sun ɗauka majigi muka kawo, suna jiran duhu ya yi a fara. Da na yi musu bayani cewa kwana kawai za mu yi, ba wanda ya tashi, sai wani dattijo daga baya ya ce haka masu majigi ke cewa kullum don a rage cunkoso.

Ana cikin haka mai gari ya iso da mutanensa. Bayan gaisuwa mai tsawo ya tambaya ko rasuwa aka yi mana, na ce a'a. Ko allurar rigakafi muka kawo, na ce a'a. Ko ƙidayar shanu, na ce a'a, shaƙatawa muka fito. Ya dubi hemar, ya dubi hadarin da ya haɗo daga gabas, ya dubi Gwaggo da ke zaune bisa turmi, sannan ya ce, "Malam, mi munka yi muku? So kake gobe a ji a kasuwar Koko cewa tsohuwa ta kwana daji ƙasata, gari na kallo?" Kafin in haɗa jumla, mata sun fito sun janye uwargida da Gwaggo da yara zuwa cikin gida, inda, kamar yadda aka ba ni labari daga baya, aka yanka musu zabi aka shimfiɗa musu sababbin tabarmi. Ni kuwa, don kare martabar ilmin zamani, na ce a hema zan kwana. Direba ya kulle kansa a mota. Aka bar ni da rago.

Ba zan tsawaita kan daren nan ba, sai dai in shaida wa mai karatu cewa rago dabba ce mai son igiya, kuma iskar da ke gaban ruwan Agusta ba ta san darajar malamin makaranta ba. Wajen tsakar dare na farka na ga walƙiya a inda rufi yake ɗazu. Na ƙwanƙwasa gilashin mota, direba ya yi kamar ya mutu. Da na isa zauren mai gari, jiƙe sharkaf, ina jan amana a bayana, na tarar an riga an shimfiɗa mini tabarma da bargo, an ajiye ƙwaryar fura a gefe, wanda ya nuna cewa tun da magariba garin ya gama yanke hukunci a kaina. Da safe aka tsinto hemar cikin gonar dawa, mai gonar kuma ya yafe ɓarnar bisa sharaɗin a bar masa ita ya riƙa shanya barkono.

A Yelwan Yawuri wani abokin karatuna ya yi mini alkawarin ɗaki a bakin ruwa. Ɗakin yana nan, na kwano, an jibge komaye da taru a rabinsa, warin banda ya kama bango. Bakin ma yana nan. Ruwan ne ya yi nisa, domin ba wanda ya gaya mini cewa a wannan lokaci na shekara tafkin yake kaiwa matuƙar janyewa, bayan an sha jan ruwansa ana ba ƙasa lantarki tun rani. Muka tuɓe takalma muka ratsa taɓo, autana a wuyana, har muka cim ma wani Basarke yana gyaran jirginsa. Ruwan da muka tarar fari ne, mai kauri, kamar kunun da aka tsinka. Na tambaye shi dalili, don yara su ƙaru, ya ce ai Kwara cika biyu take yi a shekara: baƙin ruwa, mai tsabta, yana isowa da sanyin hunturu daga can ƙasar Gini bayan ya yi watanni a hanya, wannan kuwa farin ruwa ne, na damina, wanda gulaben ƙasar Sakkwato ke kwararowa da shi. Ya tambaye mu daga ina, na ce Gummi. Ya yi dariya har ya saki guduma. "To ai ruwanku ne, Malam! Gulbin Zamfara ya faɗa na Sakkwato, na Sakkwato ya faɗa Kwara. Kun dai riga shi isowa." Uwargida ba ta ce uffan ba, ta gyara lulluɓinta kawai, ni kuwa da ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

I'itibarin da na yi wa liman alkawari ya zo ta inda ban shirya ba. Wani tsoho Bagunge, cikin mutane fiye da 40,000 da aka tasa lokacin da ruwa ya taso, ya ji yara na cewa kallo muka zo, sai ya miƙa sandarsa ya nuna wani wuri a tsakiyar ruwa da ba shi da wata alama, ya ce can gungunsu yake, da gonakin albasarsu da kaburburan iyayensa, in muna son abin kallo. Yaran da suka yini suna ƙorafi suka yi shiru, kuma a ganina abin da suka koya a wannan tsayuwa ya fi duk lissafin da na yi musu a mota.

Gwaggo ce kaɗai ba ta ɓata lokaci wajen ruwa ba. Ta shiga gari da tambaya, kafin magariba ta gano 'yar ɗakinta, ta kuma tarar an yi wa ɗan matar haihuwa, suna gobe, rago bai samu ba. Sauro ya hana ni barci a ɗakin komaye, saboda haka na makara. Ko da na isa wurin suna, an riga an yi fatiha, ana feɗe amana.

Mun komo Gummi da ƙullin banda da zazzaɓi, muka tarar labari ya riga mu, kuma ya gyaru a hanya: wai Malam ya ɗauki gwaggonsa takanas har Yawuri, da ragonsa, don ya raya zumuncin da ya kusa mutuwa. Dattawan da suka daina amsa gaisuwata sosai suka riƙa tsayar da ni suna sa albarka. Liman ya kira ni gefe ya ce da na faɗa masa gaskiya tun farko, ai sada zumunci ɗa'a ce, da na yi ƙasaruna hankali kwance. Maƙwabcina shi ma ya yaba ƙwarai, ya ce ladan duka nawa ne, ba ya son ko kaɗan a ciki, sannan ya faɗi kuɗin ragon a farashin jajibirin Babbar Salla, ya ce ba gaggawa, ya san ranar da ake biyan malamai.