Buhu Goma Sha Takwas ɗin da Ban Ci Ba

Mu uku muka haɗa hannu muka yi noman rani a Geriyo, bayan Jimeta: Baffa, Goggo da ni. Kuɗin fili da taki da man injin ban ruwa muka kasa hannu-hannu. Baffa ya ɗauki biyu da rabi, Goggo ɗaya da kwata, ni kuma kwata uku, gwargwadon aljihun ɗan albashi. Allah Ya sa albarka, shinkafa ta ba da buhu 36.

Da yake ni ne ɗan boko, aka ce in raba. Na gyara zama a kan buhu, na ciro biro.

Dabarar ba wuya: a mai da kowane hannu kwata-kwata, ɓarin ya ɓace. Biyu da rabi ya zama 10, ɗaya da kwata ya zama 5, nawa 3, jimla 18. Saura kawai in raba 36 gida 18. Sai ɗoki ya sa na karanta da ƙarfi.

"Biyar?" Goggo ta dafe ƙirji. "Ni Baffanka ya ninka, ban musa ba. To goma da biyar da uku, sha takwas ke nan. Ina sauran sha takwas, ɗan nan?"

Na ce, "Goggo, waɗannan ba buhuna ba ne, rabo ne."

"Rabon wa?"

Nan ta juya harshe zuwa Fulatanci, wanda ba ta yi mini sai magana ta ɓaci. Baffa bai ce uffan ba, sai dai ya tashi ya leƙa bayan Keken da na yi shata.

Wani tsoho mai awo ne ya cece ni. Ya tsinci tsakuwa, ya ce kowace kwata ɗaya ce: ya zuba wa Baffa goma, Goggo biyar, ni uku. Ya ce kowace tsakuwa ta ja buhu biyu. Baffa 20, Goggo 10, ni 6. Abin da ke rubuce a takardata ke nan, layi biyu a ƙasa, amma wa zai duba? Goggo har goro ta ba shi.

Daga Jambutu zuwa cikin Yola, dangi sun ji cewa na so in sallame ta da biyar. Bana tsohon aka ba lissafi. Ni korar tsuntsaye aka ba ni.