Bindigar Fenti a Apo

Tsohuwar Tippmann 98 ce, samfurin da aka fara ƙerawa a Amurka a 1998. Abokina ne ya bar mini ita da zai tashi daga Abuja, ya ce wai "tana ɗan huci". Ɗan huci! Ina ɗaura mata tulun iska ta kama tsaki, har maƙwabciyata ta leƙo tana salati, wai ko gas ɗin girki ne.

Sai na naɗe ta a buhun shinkafa na nufi wurin makanikan Apo. Ina zaro ta, yaran shagon suka watse, mai shayi ma ya bar tukunyarsa. Na yi ta rantsuwa cewa ta wasa ce, fenti take harbawa, kakarta ma shanu da bishiyoyi ake yi wa alama da ita kafin wasu Amurkawa su fara harbin juna da ita a New Hampshire a 1981. Maigidan kaɗai bai motsa ba, shi da ya yi koyo a Panteka ta Kaduna.

"Alhaji, wannan ai ba ta da lafiya," in ji shi.

Ciwon nata wani zoben roba ne da ya tsage, nan take ya canza shi. Da a nan muka tsaya! Amma ya leƙa bututun ya ce ya cinye. Ya ɗaura guntun alminiyam a injin feƙe ƙarfe, yana juyawa, ɓawon na zubowa a nannaɗe, ya yanka masa zare, ya goge har yana ƙyalli. Gwani ne, wallahi. Sai dai harsashin fenti faɗinsa milimita 17 ne da ɗoriya, fatarsa irin ta kafson magani, shi kuwa ya matse ramin "don kada iska ta gudu". Ya kuma ja sifirin, kyauta, don ƙarin ƙarfi.

A filin wasa doka ita ce kada gudun harsashi ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa. Alƙalin wasa ya ce in gwada a na'urar awo. Ga hunturu ya busar da harsasan. Na danna kunama, harsashi ya fashe tun a ciki, ruwan ɗorawa ya yi feshi, ya wanke na'urar da gemun alƙalin.

Na koma Apo da ƙorafi. Ya murza harsashi ɗaya a yatsa, ya fashe.

"Ka gani? Fentin ne ba ƙwari, Alhaji. Kawo in feƙe maka na ƙarfe."